Ranar Da Auta Ta Kashe Makirfo

Gwaggo ta dire kofin shayi a kan tebur har cokali ya yi tsalle.

"Mota? Daga shi sai ita, gilasai a rufe? Ba da ni ba wallahi, ba kuma a gidan nan ba!"

Baba ya ɗago daga agogon da ya baje wa ciki a kan faranti, ya zare madubin gyara daga idonsa. Mutum ne mai magana ɗaya, duk layin ana shakkarsa, amma a gaban yayarsa sai ka rantse ɗan firamare ne.

"Yaya, manyan yaron nan sun zo, mun amsa musu. Makarantar da take koyarwa a kan hanyar lambunsa take. Kullum yarinya tana kokawa da bas, ta isa aji a makare."

"Bas ta taɓa cinye wani? Shi wannan Mai Ciyawar, don ya yi mota sai ya ɗauke min yarinya tun ba a ba shi ba?"

"Mai furanni ne, Yaya."

"Duk ciyawa ce!"

Auta tana maƙale a bayan ƙofar kicin, rungume da farantin da ta gama gogewa tun ɗazu. Ba ta jin haushin Gwaggo, ko kaɗan. Tana cikin zanen goyo mahaifiyarta ta rasu. A daidai lokacin kuma mijin Gwaggo ya sallame ta saboda Allah bai ba ta haihuwa ba, ta dawo gidan ƙaninta da akwati ɗaya, ta sunkuci jaririyar ta goya, kuma har yau ba ta sauke ta ba. Ba a taɓa tayar da zancen rashin haihuwar nan a gidan ba. Ko baƙuwa ce ta zo ta fara lissafin jikokinta, Auta ke saurin kawo ruwa ta sauya hira.

Da yamma Mai Furanni ya zo gaisuwa. Dogon saurayi ne mai sanyin magana, kullum da ɗan ragowar ƙasa a farcensa. Ya zauna a gefen kafet, kansa a ƙasa, ya saurari faɗan har ƙarshe, sannan ya ce, "Gwaggo, to ki riƙa raka mu mana."

"Ni? Da wannan gwiwar?"

"Da kunne za ki raka mu. Zo ki gani."

Da ƙyar ta taka zuwa ƙofar gida tana mita. Ya buɗe motar, ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya buso, don kujerar baya cike take da tukwanen dashe. Ya nuna mata sikirin ɗin da ke gaban mota. Idan ya haɗa wayarsa da shi ya kira ta, duk wanda ya yi ko tari a cikin motar za ta ji, su ma su ji muryarta ta sifika. Daga ƙofar gida har get ɗin makaranta ba zai katse ba.

Gwaggo ta leƙa da ido ɗaya. "Wannan ɗan zanen fa, mai kama da muciya?"

"Makirfo ne. In aka taɓa shi sai layi ya gitta a kansa. Mu za mu ci gaba da jin ki, ke kuwa ba za ki ji mu ba."

"Ahaf! Ashe da ƙofar ɓarayi!"

Baba, da ke tsaye a bayansu tare da Auta, ya yi gyaran murya. "To ga sharaɗina, ku buɗe kunne ku biyun. Ranar da aka taɓa wannan abin, ko aka katse wayar nan a hanya, ranar maganar aurenku ta mutu. Ba zan maimaita ba."

"Mun ji, Baba," suka ce a tare.

Haka aka fara soyayyar da ban taɓa jin irinta ba, soyayya mai mutum uku, ɗaya a kujerar falo da waya manne a kunne.

Damina ce a lokacin. Sukan fita gari bai gama farkawa ba, yayyafi na sauka a gilashi, waifa na kai da kawowa a hankali. Akwai wata doguwar hanya da bishiyoyi suka haɗa kai a samanta, in mota ta shiga sai haske ya koma kore, ganyen dashen da ke baya su riƙa shafar wuyan Auta. A nan takan lumshe ido. Takan ga wani ƙaramin gida mai farar katanga, furanni sun hau taga sun leƙo ɗaki, ita tana shanya, shi yana ba shuka ruwa, wata 'yar yarinya mai irin dogon wuyansa tana bin malam-buɗe-littafi da gudu. Takan yi nisa a gidan nan har ta manta da sikirin.

"Malama, kin yi shiru," in ji shi.

"Ina kallon ruwa ne."

"Akwai wani fure a bayanki, na kusa da ƙofa. Tun da na dasa shi ya ƙi buɗewa. Jiya da kika sauka na duba, sai na ga ya buɗe."

"Siriyos?"

"Na ji!" Muryar Gwaggo ta fashe daga sifika. "Na ji sarai! Kai Mai Ciyawa, ka kalli titi, bar fure ya ji da kansa!"

Su kwashe da dariya, ita ma can sai a ji tana ƙunshe tata.

Sannu a hankali mai gadi ta zama abokiyar tafiya. Gwaggo ta daɗe ba ta wuce bakin layi ba saboda gwiwa, sai ga shi kullum da safe tana zaga gari da kunne. "Kun kai gadar?" "Mun kai, Gwaggo, ruwa ya cika har ya taɓa ƙafarta." "Mai burodin nan na kwana yana nan?" "Yana nan, ya yi furfura." Shi kuma ya riƙa ba ta labarin abin da ke wucewa: yara da lema ɗaya su huɗu, wani tsoho da ya rungume akuya a kan babur, hazo kwance a kan filin ƙwallo. Kalmar so ko sau ɗaya ba ta fito daga bakinsu ba, ina halin yi? Amma Auta ta san yadda yake rage gudu in sun kusa makaranta, shi ma ya san ta sani.

Ranar da abin ya faru, sun fito daga hanyar bishiyoyin nan ke nan sai ga yayar Mai Furanni a bakin titi tana ɗaga hannu. Anti ake ce mata. Ita ta riƙe shi bayan rasuwar iyayensu, tana ji da shi kamar ƙwai, kuma bakinta ba shi da linzami. Ya tsaya, ta kutsa baya tsakanin tukwane, laka ta shafi zanenta, ranta ya ƙara ɓaci.

"Ina kwana, Anti," Auta ta ce tana sunkuyar da kai.

Anti ba ta amsa ba. Idonta na kan sikirin, inda kiran ke tafiya.

"Au, wannan ce wayar gadin da nake jin labari? An mai da min ƙane fursuna a cikin motarsa?"

"Anti, don Allah—"

"Rufe min baki! Mu ba mu da tarbiyya ne, da za a riƙa sa mana kunne? Gara ma ta ji! Ai dama matar da ba ta taɓa hai—"

Auta ba ta yi shawara da kowa ba, har da zuciyarta. Yatsarta kawai ta gani a kan sikirin. Layi ya gitta a kan makirfo.

Mai Furanni ya kalle ta, ya kalli layin, fuskarsa ta sauya.

"Auta?" Muryar Gwaggo ta fito. "Auta, ba na jin ku. Kai Mai Ciyawa! Auta!"

"Kin toshe mata kunne ko?" Anti ta ce. "To ke ki ji ki kai mata! Juya ce, ba ta san zafin naƙuda ba, shi ya sa ta ƙanƙame 'yar wani ta hana ta sakat. Miji ma ya gaji ya koro ta, sai mu za ta zo ta mulka?"

"Anti, ya isa! Wallahi ya isa haka!" Bai taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar.

Amma ina! An taɓo inda ke mata ƙaiƙayi. Ta yi ta zuba, Gwaggo na ta kiran sunan Auta ta sifika, Auta na zaune hawaye na ɗiga a kan littattafan yara da ke cinyarta, ba damar buɗe makirfo. Kafin Anti ta sauka a bakin kasuwa ta doko ƙofa, Gwaggo ta riga ta kashe wayarta.

Ya gangara gefen titi ya tsaya. Karon farko ke nan da suka kasance su biyu babu mai jin su, ga shi babu mai iya cewa komai.

"Zan je in faɗa wa Baba gaskiya," ya ce daga ƙarshe. "Laifin gidanmu ne."

"In ka faɗa, Gwaggo za ta ji abin da aka ce."

"To mu rabu ke nan? Malama, kin san abin da kike cewa kuwa?"

"Na sani." Ta share fuska da bakin mayafi. "Filis, ka yi min alƙawari. In maganar nan ta isa kunnenta, to a banza na taɓa abin nan. Matar nan ta goya ni da ciwon nan a ƙirjinta, ba za ta ji shi ta dalilina ba."

Ya kifa kai a kan sitiyari. Da ya ɗago idanunsa sun yi ja. "Na yi alƙawari. Amma ki sani ina sonki. Tun da yau an rufe makirfo, bari in faɗa ko sau ɗaya ne."

Da ta dawo gida da yamma ta tarar da su a falo, Baba ya ture agogonsa gefe, Gwaggo ta juya fuska ga bango.

"Wa ya taɓa?" in ji Baba.

"Ni ce, Baba."

"Shi ya sa ki?"

"A'a."

"Me aka yi a cikin motar da ba a so a ji?"

Ta durƙusa, ta sunkuyar da kai.

"Auta, magana nake miki!"

"Ba mu yi abin kunya ba, Baba, Allah ne shaida. Amma ba zan iya faɗa ba."

"To shi ke nan. Na ce ba zan maimaita ba."

Washegari Mai Furanni ya zo, ya durƙusa a ƙofar gida har rana ta take. Baba ya yi masa tambaya guda, ya ce shi ma ba zai iya faɗa ba. Baba ya ce to ya gai da gida.

Auta ta koma bas. Takan samu gefen taga ta jingina kai, in an shiga hanyar bishiyoyin nan ta rufe ido ta nemi gidan nan mai farar katanga. Yana nan, sai dai furannin sun bushe a taga, kuma duk ɗakin da ta leƙa babu kowa. A aji tana koya wa yara waƙa sai ta tsaya a tsakiya, har wata ta ja mata riga ta ce, "Anti Malama, kin manta?" Ta rame, wuyanta ya fito. Amma ko sau ɗaya ba ta ɗaure wa Gwaggo fuska ba. Ita ke dafa mata ruwan gashin gwiwa, ita ke shafa mata man zafi, har da 'yar tsokana: "Tsohuwa mai ran ƙarfe, miƙo ɗayar."

Gwaggo kuwa ta rage faɗa, abin da ya fi faɗan ban tsoro. Kullum da safe, daidai lokacin da mota kan tashi, sai ta ɗauki waya ta riƙe, ta kalle ta, ta ajiye. Wani lokaci takan jefo tambaya ba zato: "Wai me aka ce ne a motar nan?" Auta ta ce, "Ba abin da ya kai ki ji, Gwaggo." Har damina ta ɗauke amsar ba ta canza ba.

Wata ranar hutu da hantsi, Gwaggo ta kira Auta za ta yi mata kitso. Auta ta zauna a ƙasa tsakanin ƙafafunta, rana na shigowa ta labule, mataji na bi a hankali, har barci ya fara ɗibarta. Sai ta ji wani abu mai ɗumi ya ɗiga a tsagar kanta. Ya sake ɗiga.

"Gwaggo?"

"Kar ki juyo." Ta riƙe mata kai. "Matar da ba ta taɓa haihuwa ba. Haka ta fara, ko ba haka ba?"

Auta ta dafe baki da hannu.

"Yatsarki ta yi sauri, 'yar nan, amma kunnena ya riga ta. Rabi na ji. Sauran kuwa ba sai an faɗa min ba, na haddace shi tun kina zanen goyo. Juya, ko? Mai riƙon 'yar wani?"

"Gwaggo, ki bari, don Allah ki bari!"

"Ba zan bari ba. Tun a ranar na san dalilinki, na kuma yi shiru na bar ubanki ya yanke hukunci. Kin san me ya sa? Tsoro! Na ce in kika shiga gidan da ake min wannan kallon, wata rana ke ma da idonsu za ki kalle ni. Na ce bari in riƙe abata. Kullum ina jira ki gaji, ki faɗa don ki ceci aurenki, in ce yawwa, dama ɗan wani ba ya zama naka. Ina ta jira, ina ta jira, ke kuma kina ta shafa min mai a gwiwa kina narkewa a gabana." Ta saki matajin ya faɗi. "Ki yafe min, Auta. Na zalunce ki."

Auta ta juya ta kifa kai a cinyarta, suka yi ta kuka, rabin kai a kitse rabi a tsefe.

A haka Gwaggo ta miƙe, ba ta ko nemi sandarta ba, ta dafa bango har ɗakin da Baba ke aiki.

"Baban Auta, ajiye agogon nan. Ka aika a kira yaron nan."

"Yaya, kin san ni, magana ɗaya nake—"

"Ni na goya ka kai ma, kar ka kawo min magana ɗaya! Zauna ka ji."

Ta zayyana masa komai, ba ta rage ko nata laifin ba. Baba ya ajiye agogon. Can ya cire hula ya share goshi, ya dubi Auta da ke raɓe a bakin ƙofa.

"Na sa doka don in kare mutuncin gidan nan," ya ce a hankali. "Ashe wadda ta karya ta ita ta fi mu kare shi. Allah ya yi miki albarka. Ki kira shi da bakinki."

Kafin la'asar mota ta tsaya a ƙofar gida. Wai ko takalminsa bai saka daidai ba, ƙafa ɗaya na lambu, ɗaya na fita.

An yi auren bayan 'yan watanni. Gidan da suka tare ba shi da farar katanga, haya ce mai ɗaki biyu, amma kafin shekara ta zagayo furanni sun hau taga, kuma akwai kujera guda a baranda da ba mai zama a kanta sai Gwaggo.

To 'yan mata da samari, ga abin da nake so ku ɗauka. Ba kowace gaskiya ake ceton kai da ita ba. In wanke kanka zai zama da hawayen wanda ya raine ka, haƙura ka bar wa Allah, Shi ya san yadda zai wanke ka. Mahaƙurci mawadaci. Ku kuma manya, son ɗa ba ƙanƙame shi ba ne, kuma baki shi ke yanka wuya.

Saura Anti. Ita ma ta sha nata, don tun ranar motar ƙaninta bai ƙara cin abincin gidanta ba. Ana saura kwanaki biki ta zo da kanta, ta tarar da Gwaggo a falo, Auta na gefenta. Ta zube a ƙasa, bakin nan mai kaifi ya kasa haɗa kalma biyu.

"Gwaggo, ni ce... abin da na faɗa... ki yafe min."

Gwaggo ta miƙa mata hannu.

"Tashi, 'yata, na yafe. Ke ma riƙo kika yi, na san zafinsa. Miji ya koro ni, gaskiya ne. Na ƙanƙame yarinya, wannan ma gaskiya ne. Wuri ɗaya kawai kika yi kuskure."

Ta kamo hannun Auta ta ɗora a ƙirjinta.

"Kin ce ban haihu ba. Ga ta nan."